An yanke wa maigidana rabin hanta, Hajiya ta ce daga koko sai rake

Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana aka yi wa aikin hanta a Masar, an yanke kusan rabinta saboda ƙari da aka gani, an haɗa da matsarmamar an cire, dama yana da ciwon hanta nau'in B tun kafin aurenmu kuma sun ce ta ɗan fara tauri. Yau satinmu biyu da dawowa Kano. Likitan can ya ce ya dinga ci kaɗan-kaɗan ya yawaita ƙwai da kifi da madara, amma tunda muka sauka Hajiyarsa ta tare a gidanmu ta ce mai ciwon hanta baya cin nama baya cin ƙwai baya cin mai baya cin gyaɗa, daga koko sai rake sai farar shinkafa, ga wani jiƙo da aka aiko daga ƙauye wai maganin shawara tana ba shi safe da yamma. Ƙaninsa kullum sai ya shigo da Maltina da madarar gwangwani wai ƙarin jini, gwaggonsa kuma ta ce a dinga gasa masa hanta tasa ta tsiro. Kafin aikin kilo 68 yake, jiya na ɗora shi a sikeli 61, wandonsa ma baya zama. In na yi magana a ce na cika iyayi da boko, shi kuma baya iya musu da mahaifiyarsa, dama ba cin kirki yake ba cokali uku ya ce ya ƙoshi. Anti ya zanyi?

Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Saƙonki sau biyu na karanta, a na biyun kan sikelin nan na tsaya, daga 68 zuwa 61 kilo 7 kenan, ya ɗan haura kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wannan ba abin da za a zauna jiran ranar komawa asibiti bane in ranar tana da nisa, cikin satin nan likitan da ke bibiyarsa a Kano ya kamata ya ji wannan lissafin daga bakinki. Ni tsohuwar nas ce, na daɗe a ɗakin maza na 'yan tiyata, amma bani na buɗe cikin mijinki ba ban kuma ga fayil ɗinsa ba, saboda haka duk inda maganata ta saɓa da ta likitansa tasa zaki bi, balle in yana da ciwon siga ko matsalar ƙoda, su lissafinsu daban ne.

Ita hanta a jikin babban mutum takan kai wajen kilo ɗaya da rabi, kuma Allah ya yi mata wata baiwa da bai yi wa zuciya ko ƙoda ba, in aka yanke wani sashe ragowar ke girma ta cike gurbin. Ba wai inda aka cire ne zai sake tofowa kamar jelar ƙadangare ba, wanda aka bari ne zai yi ta ƙaruwa, shi yasa in lafiyayya ce likitoci kan iya cire har kusan kashi 70 cikin 100 mutum ya tashi, in kuma ta fara tauri irin tasa sai sun bar fiye da haka, girman ma baya sauri. Mafi yawan girman nan a makonnin farko yake faruwa, wato yanzun nan da muke maganar, sannan ya ci gaba a hankali wasu watanni. Toh ki duba, rabin hanta ce take aikin cikakkiya, ita ke haɗa abin da ke tsayar da jini in an ji rauni, ita ke haɗa albumin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya kada ya tsiyaye ya taru a ciki ko a ƙafa, ita ke ajiye siga ta sake shi lokacin da mutum bai ci ba, ita ke tace duk maganin da ya haɗiya, ga ginin kanta tana yi, ga ɗinkin ciki yana jiran abin da zai haɗe da shi. Kuma duk wannan aikin da furotin ake yinsa, wato sinadarin gina jiki da ke cikin irin su nama da kifi da ƙwai da wake. In bai shigo ta baki ba jiki baya zaman jira, naman cinya da na damtse yake ci. Yau in ya cire hula ki kalli gefen goshinsa nan saman kunne ki ga ko ya lotsa, ki kalli ƙashin wuyansa, ki lura in zai miƙe daga kan sallaya ko sai ya dafa bango. Can wani kaso na kilo 7 ɗin nan ya tafi.

Kafin ki ji haushin Hajiya ki sani maganarta ba daga sama ta faɗo ba. Mu kanmu a asibiti an daɗe ana hana masu ciwon hanta nama da ƙwai, tsoron kada guba ta taru a jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, ni da bakin nan nawa na sha ce wa 'yan jinya su koma da farfesunsu gida, Allah ya yafe mana. Daga baya aka gane yunwa ake ƙara wa marasa lafiyar, akwai binciken da aka yi a Sifen aka fitar a 2004 da ya nuna ko waɗanda ciwon ya riga ya taɓa wa hankali, rage musu furotin bai amfane su da komai ba sai cinye musu tsoka, yanzu ƙa'idar ta juya gaba ɗaya. Hajiya tana kan tsohon karatu ne. Kuma wanda ta taɓa gani da idonta wataƙila mai shawara ne da idonsa ya koma ruwan ɗorawa yana amai ko ƙanshin suya baya son ji, aka yi ta ba shi rake da koko har ya miƙe, alhali da yawan irin wannan da kanta take warkewa sai rake ya kwashe yabon. Mijinki wuƙa aka sa masa aka yanka, ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Abin da masana ke ba mai irin lalurarsa shi ne giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, shi da yake 61 kinga ya kama wajen giram 75 zuwa 90 kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara ko na kindirmo wajen 8, dafaffiyar tsokar kifi ko ta kaza da ta kai tafin hannunki ban da yatsu 20 zuwa 25, kofin dafaffen wake wajen 13. Kofin koko kuwa in ba a zuba masa komai ba da kyar ya kai rabin ƙwai, rake kuma ruwa ne da siga, sai ki lissafa da kanki abin da yake samu a sati biyun nan. In ya ci ƙwai biyu da safe, ya sha madara kofi ɗaya da hantsi, kifi da rana, kaza da dare, kindirmo kafin ya kwanta, ya riga ya kai 75 ɗin ko ya kusa, ban ma sa alala ko awara a lissafin ba. Ba abincin 'yan gayu bane, duk a kasuwar unguwarku yake.

Inda aikin yake shi ne cokali ukun nan da yake cewa ya ƙoshi, kuma ba rigima yake ba, bayan aikin ciki irin wannan cin abinci yakan gudu, baki ya yi ɗaci, ciki ya cika da wuri, wani ma har wata biyu bai dawo daidai ba. Akwai wani dattijo direban babbar mota da muka taɓa kwantarwa, matansa biyu kowacce sai ta zo da kula shaƙe da tuwo ana gasar nuna kulawa, da an buɗe murfin tururin ya bugi fuskarsa sai ya juya wa bango ya ce a rufe. Ƙaramar 'yarsa ce ta gano bakin zaren, ta ɗauko farantin da ake ɗora kofin shayi ta yanko alala kamar kwalin ashana biyu ta ajiye masa ta fita, ba magiya ba tsayawa a kansa, bayan awa biyu ta dawo da ƙwai ɗaya dafaffe ta raba huɗu, kafin sati mutumin nan da kansa yake tambayar ina 'yar farantinsa. Haka zaki yi. Sau shida ko bakwai a rana, duk bayan awa biyu zuwa uku, a ƙaramin mazubi, kada ki jira ya ce yana jin yunwa dan ba zai ce ba, ki bi agogo kamar yadda kike bin lokacin magani. Ya fara da kifin ko ƙwan kafin shinkafa, in ya so in ciki ya cika to mai amfanin ya riga ya shiga. Ruwa kuma tsakanin abinci da abinci zai sha, in ya kwankwaɗi kofi kafin ya fara ci ya tare wurin. In ƙanshin abinci mai zafi na tayar masa da zuciya ki bari ya huce, ki kuma daina soya albasa ƙofar ɗakinsa a buɗe.

Kokon Hajiya ma kada ki yi faɗa da shi, gyara shi zaki yi. Ki fasa ƙwai ki kaɗa ki zuba yana kan wuta kina juyawa har ya dahu a ciki, ko ki zuba madarar gari cokali uku, ko ki haɗa gasarar da garin waken suya da aka soya, sai ya tashi daga ruwan ɗumama ciki ya koma abinci. Faten wake mai laushi da kifi a ciki, faten dankali da alayyahu, tuwon shinkafa mai taushi da miyar kuɓewa an dagargaza tarwaɗa a ciki, dambun naman kaza da ba a tsamo shi daga mai ba, farfesu mara yaji sosai amma ya ci tsokar ba romon kaɗai ba, dan mutanenmu sun ɗauka duk amfanin yana cikin romo alhali a tsokar ya zauna.

Maganar mai kuma tsaka-tsaki ce. Tunda an cire matsarmama, ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo yanzu ɗiga yake a hanji kaɗan-kaɗan, babu jakar da zata tara shi ta sake da yawa lokaci ɗaya, shi yasa in ya ci abu mai naso sosai zai iya samun kumburin ciki ko gudawa. Amma a hana shi gaba ɗaya kuskure ne, mutumin da ke rama yana buƙatar ƙarfin da ke cikin mai. Cokali ɗaya a miyarsa ba laifi. Abin da zaki ɗaga masa ƙafa a kai yanzu shi ne kitse da ganda da balangu mai maiƙo da malalar man shanu a kan tuwo, ƙosai ya koma alala, awara a jefa ta cikin miya maimakon a soya. In kika ga bayan gidansa ya yi fari-fari ko yana maiƙo yana tasowa saman ruwa ki gaya wa likita.

Akwai abu ɗaya da 'yan jinya suka fi mantawa, shi ne abincin kwanciya. Hantar da ta yi tauri bata iya ajiye siga da yawa, daren da mai irin wannan ciwon ya yi ba ci, a wajen jikinsa kamar mai lafiya ne ya kwana biyu ko uku da yunwa, balle an rage ta da rabi. In ya ci tuwo bayan magariba bai sake sa komai a baki ba sai tara na safe, awa goma sha huɗu kenan jiki na cin kansa. Ki ajiye masa kunu da madara a fulas, ko kindirmo da 'yar fura, ko burodi da ƙwai, ya ci dab da zai kwanta, da asuba in ya idar da sallah ya sake sa wani abu. Daga nan kin san amsar azumin Litinin da Alhamis in yana yi, ba yanzu ba, na Ramadan ma in ya zo sai abin da likita ya ce, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara ya rama a wasu kwanaki.

Gishiri ya danganta. In cikinsa bai tara ruwa ba ƙafa bata kumbura ba, ki rage hannu kawai, kada ki mayar da abincin lami ya ƙara gudunsa. In kuma likita ya ce akwai ruwa to a rana gaba ɗaya kada ya wuce wajen giram 5, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma ki sa magi a lissafin dan kusan rabinsa gishiri ne, haka kanwa da muke jefawa a kuka da wake da ɗanwake ita ma 'yar gidansu ce, ga kilishi da kifin gwangwani da garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara. Albasa da tafarnuwa da citta da 'yar daddawa da matsin lemon tsami suna tayar da miya.

A kan gyaɗa kam zan ba Hajiya rabin gaskiya, duk da mu 'yan garin dalar gyaɗa bama son jin haka. Ita gyaɗar abinci ce mai kyau, matsalar fumfunar da ke kama ta in an ajiye ta da danshi, ita da masara, tana fitar da wata guba da ake kira aflatoksin wadda hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta tabbatar tana jawo kansar hanta, kuma in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin ninkuwa yake sosai. Dafuwa bata kashe ta, suya bata kashe ta. Saboda haka ƙuli-ƙulin kasuwa da markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ake ƙullawa a leda da yajin tsire ki bar su, baki san wace iri aka zuba ba. In zaki yi masa kunun gyaɗa ki sayi tsabarta mai kyau ki baza a faranti ki tsince da hannunki, duk wadda ta yamushe ko ta yi baƙi ko ta fashe ko ta yi gari-gari ki zubar, kada ki ba kaji ma. Wannan har yaranki zai amfana.

Ƙanin nan nasa mai Maltina Allah ya saka masa, amma kuɗinsa yake zubarwa, lemon malt siga ne mafi yawansa, yana cika ciki ya kashe ɗan cin da ya rage, madarar ce mai amfanin a haɗin. Ki same shi cikin raha ki ce kuɗin katan ɗaya ya koma kiret ɗin ƙwai da gwangwanin madarar gari da kifi. Gwaggo kuma, hanta bata tsiro da hanta kamar yadda cin ƙafar saniya baya sa gudu, kuma hantar dabba tana ɗauke da bitamin A mai yawan gaske wanda in ya taru ita hantar mutum yake illatawa, cin ta kullum bai dace da shi ba.

Sai jiƙo, wanda shi ne ya fi tsaya min a rai fiye da duk abin da kika lissafa. Yau za a daina, ba gobe ba. Ban raina maganin gargajiya ba, da sassaƙe aka raine mu, amma duk abin da ya shiga cikinsa ta hanta yake bi, ita kuma yanzu rabi ce mai rauni tana ɗauke da kayan cikakkiya, ga shi ba wanda zai iya gaya miki itace nawa ne a cikin galan ɗin nan, ko nawa ne ƙa'idar sha, ko me zai yi in ya gamu da magungunan asibiti. Abin da likitocin tiyata suka fi tsoro bayan irin wannan aikin shi ne ragowar hantar ta gaza, in ta gaza kuma babu injin da za a ɗora shi a kai yadda ake wankin ƙoda. An sayar da fili ko mota an je Masar, kada garin neman gira a rasa ido. Kuma ba na ƙauye kaɗai nake nufi ba, har na kwalba mai kyan takarda da ake tallarsa a WhatsApp wai yana wanke hanta, da ƙwayoyin kurkum da na koren shayi da an sha samunsu da laifin illata hanta, da waɗanda a barasa ma aka jiƙa su mutum bai sani ba. Lambar NAFDAC a jiki bata nufin an gwada shi a kan mai rabin hanta. Ki zuba ragowar jiƙon a roba ki tafi da shi asibiti, ki faɗa wa likita tsakani da Allah kwana nawa ya yi yana sha, dan ya san abin da zai duba a gwajin jini, ɓoyewa dan kare mutuncin Hajiya ba taimako bane. In wani ya kawo nonon raƙumi ko na shanu ɗanye a tafasa shi tukuna, ƙwai ya dahu sosai, nonon tallan da baki san ruwan da aka dama shi da shi ba ki haƙura, ki kafa kindirmonki a gida.

Maganin ciwon hantarsa kuwa, ko Tenofovir ne ko Entecavir, ba a tsallake rana ba a dainawa dan an ji sauƙi, in aka tsaya ƙwayar cutar kan taso da ƙarfi. In Entecavir ne ki lura shi ciki ba komai yake so, awa biyu bayan ci awa biyu kafin ci, sai ku zauna da likita ku nemo masa gurbi tunda ci zai yawaita. Maganin ciwon jiki daga kemis irin su diklofenak da ibuprofen babu shi, suna jawo zubar jini suna taɓa ƙoda, farasitamol ma iya adadin da likita ya yanka masa, galibi basa bari a wuce giram 2 a rana wato ƙwaya huɗu ta 500, kuma yawancin magungunan mura akwai shi a ciki. In bayan gida ya ɗaure, dama magungunan kashe zafi suna sa haka, gwanda da miyar kuka da ganye da ruwa da ɗan zagayen tsakar gida safe da yamma suna taimakawa, kada ki bari ya kwana uku bai yi ba baki faɗa ba.

In kika ga zazzaɓi, ko ido ya ƙara ɗorawa fitsari ya yi duhu, ko ciki na ƙara girma, ko ruwa kore-kore ko mai wari na fita ta wajen ɗinkin, ko amai ya ƙi tsayawa, ko aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ya fara baccin rana ido biyu da dare yana rikita lissafi yana maimaita magana hannu na karkarwa, wannan asibiti ne a lokacin ko ƙarfe biyun dare ne, kada a tsaya cewa iska ce ko sammu.

Toh saura Hajiya, dan na san duk abin da na rubuta kin riga kin san rabinsa, yadda zaki aiwatar a gidan da surukarki ke zaune a falo shi ne tambayarki. Ki fara da tuna cewa matar nan ɗanta aka ɗauka aka kai wata ƙasa aka buɗe masa ciki tana nan tana jan carbi, tarewar da ta yi tsoro ne, jiƙon nan shi ne abin da hannunta ya iya kaiwa. In kika ce mata abin da take yi ba daidai bane abin da kunnenta zai ji shi ne kina cewa zata kashe ɗanta, daga nan an bar maganar hanta an koma ta wa ya fi iko da shi, kuma ba zaki ci wannan ba. Saboda haka kada maganar ta fito daga bakinki. Yau ki kira likitan ki yi masa bayani ke kaɗai, sannan ki roƙe shi ya yi wa Hajiya magana a waya da kansa, ranar asibiti kuma ki ce Hajiya dan Allah ki raka mu ke ce babba kya fi mu riƙe abin da za a faɗa, a zaunar da ita a kujerar gaba. Ki nemi a haɗa ku da masanin abinci, manyan asibitocin koyarwa suna da sashensu, a rubuto muku jadawali a takarda a manna a kicin, kinga daga ranar takarda ce ke magana. In akwai wani kawu ko yayansa da take jin nauyi a fara shigar da shi.

Kuma kada ki ƙwace mata aiki ki bar ta hannu rabbana, canja mata zaki yi. Ita zata dinga miƙa masa 'yar farantin, dan abin da zai ce miki ya ƙoshi ita ba zai iya mayar mata ba, wannan rashin musun nasa da ke ba ki haushi sai ya koma amfaninki. Ita ke da tofi da zamzam da dabino da 'yar zuma a kunu in ba shi da siga, ita zata zauna ta tsince gyaɗa ta fi ki iyawa ma. Sikelin ma a gabanta za a dinga hawa, rana ɗaya a sati da safe kafin ya ci komai, a rubuta a jikin kalanda, gani ya kori ji. Sai dai ki kula, in nauyi ya yi tsalle kilo biyu cikin kwana uku ƙafa na kumbura wannan ruwa ne ba ƙiba ba, likita za a kira.

Shi kuma oga, in dare ya yi kun keɓe ki gaya masa a hankali cewa jikin nan nasa ne kuma amana ce, ba rashin biyayya bane ya ce Hajiya likita ya ce in na haɗa da wani magani aikin zai lalace, a ajiye min sai na tambaye shi. Jimla ɗaya ce, daga bakinsa ta fi dubu daga naki.

Baki ce min ke da yara an gwada ku ba. Binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Najeriya na ɗauke da nau'in B, da yawa basu sani ba, ku je a gwada ku har 'yan uwansa da suke ciki ɗaya da ita Hajiyar, wanda ba shi da shi a yi masa allurar rigakafi guda uku. Ba a ɗaukarsa ta kwano ko cokali, kada kowa ya ware masa kwanonsa, reza da abin yankan farce da buroshi ne kowa da nasa. Daren yau dai ki dafa ƙwai biyu ki dama kunu da madara ki zuba a fulas, bayan sati biyu ki rubuto min abin da sikeli ya ce.